Donat ɗin kabewa da rigimar ruwan cikinta

Sana'ata soye-soye ce da gashe-gashe, a gida nake yi da 'yan matan da ke taya ni, muna kai wa mutane oda. To cikin duk kayan da muke fitarwa donat ɗin kabewa ne kaɗai ba na yarda a kwaɓa ba na wajen, sauran kam sai in bar musu in tafi sabgata in dawo in tarar komai daidai.

Ruwa ne matsalar. Kabewa wajen kashi 90 cikin 100 ɗinta ruwa ne, kuma ba iri ɗaya suke zuwa ba, wata ki fasa ki ga namanta jajir a cure, wata kuma duk zare-zare tana tsiyaya tun a kan wuƙa, to in kika ce awo ɗaya za ki dinga bi kullum wallahi yau ya yi kyau gobe ya caɓe miki a hannu. Shi ya sa ba na dafa ta cikin ruwa sam, ai ƙara wa Barno dawaki ne. Rabawa nake biyu in kwashe 'ya'yan in kife ta a faranti in gasa a oben har cokali ya shige ba gardama, in babu hali in turara. Gashin dai ya fi, don ruwan na raguwa zaƙinta kuma ya fito. Daga nan a kankare naman a markaɗa, a juye a ƙyalle mai tsabta kan rariya ya tsane, za ki sha mamakin ruwan da zai taru a ƙasa.

A fulawa giram 500 nakan sa markaɗaɗɗiyar kabewa kamar giram 200, yis giram 7, suga giram 70, bota giram 50, ƙwai 1 da ɗan gishiri. Madara ce ba ta da awo a wajena. Da kaɗan-kaɗan nake zubawa ina murzawa, in kwaɓin ya daina bin roba amma yana ɗan kama yatsa ya saki, to an zo wajen. Masu koyo a nan suke shiga uku, da sun ji danƙo sai su yi ta barbaɗa fulawa, ƙarshe a soya abu ya fito da tauri kuma kalar kabewar ta gudu. Haƙuri ake yi a ci gaba da murza, kabewa ba ta da wannan danƙon na alkama da ke riƙe iska a cikin kwaɓi, dole fulawar da ke ciki ta murzu sosai kafin ya iya tashi. Madarar kuma mai ɗumi-ɗumi, in ta yi zafi yis mutuwa yake.

Kayan ƙamshi kirfa, citta, gyaɗar ƙamshi da ɗan kanumfari. Kirfar ba na cika ta a kwaɓi don tana rage wa yis ƙarfi, gara in haɗa ta da sugan da za a birkiɗa donat ɗin a ciki bayan suya. Kuma gaskiya kabewa ita kaɗai ba ta da wani ɗanɗano mai ƙarfi, abin da take bayarwa laushi ne da wannan kala ruwan ƙwai, ƙamshin da kwastoma ke yabo na kayan ƙamshin ne, ni dai ba na musu da su.

Sau biyu kwaɓin yake tashi, na farko har ya ninka, sai a murza a fitar da shi a huda tsakiya, a sake rufewa ya kumbura. Hudar nan ba ado ba ce, ita ke sa cikin ya soyu tare da bayan.

Mai kuma ya tsaya tsakanin digiri 170 zuwa 180, na sayi ma'aunin zafi saboda wannan kawai. Donat ɗin kabewa ya fi na fulawa zalla saurin yin duhu, ga kalarsa tana yaudara, sai ki zata ya yi alhali ciki ɗanye ne. In man bai yi zafi ba kuma donat ɗin ya sha mai ya ƙoshi, a kasuwanci asara biyu ke nan, ga mai ya tafi ga kwastoma na ƙorafin maiƙo. Kar a cika kasko, kowane gefe minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa.

Wajen lissafin riba ki tuna ba nauyin kabewar da kika saya za ki duba ba, bayan an cire ɓawo da 'ya'ya an tsane ruwa abin da ke saura bai taka kara ya karya ba, ga gas ɗin gashi. Shi ya sa nake gasa da yawa lokaci guda, in ƙulla giram 200-200 in jefa a firiza, ranar oda in fito da ƙulli ya saki in sake tsane shi don ƙanƙara na ƙara fito da ruwa. Donat ɗin da ɗuminsa ake birkiɗawa a suga da kirfa, amma ba a rufe shi a kwali ko leda sai ya huce tas, in ba haka ba gumi zai narkar da sugan kafin mai kai saƙo ya isa.