Kafin ka ɗaga jirginka a sararin Damagaram

Ƙannena masu sha'awar ɗan jirgin nan maras matuƙi da muke kira dron, ga abin da ya same ni, don kada ya same ku.

Shekara uku ke nan da na sayi nawa, ƙirar DJI, na hannu, nauyinsa giram 249. Wanda ya sayar mini ya ce tun da bai kai giram 250 ba, ba ruwana da wata takarda. Na yarda, don abin da nake son ji ke nan. Daga baya na gane cewa wannan sassauci a dokokin Amurka da Turai yake, ba a nan ba. A Nijar hukumar ANAC da ke Yamai ce ke kula da jiragen sama na farar hula, kuma dron komai ƙanƙantarsa jirgi ne. Nan ya kamata in fara tambaya kafin in fidda ko dala.

Wata la'asar na hau duwatsun Birni, ina son ɗaukar fada da tsofaffin gidajen ƙasa masu zane daga sama. Iska ta ɗan ja jirgin gefe, ban kula ba. Sai kawai na ga tsakar gidan mutane a fuskar wayata: wata mata tana daka, ba mayafi, ta ɗaga kai ta ga abu yana shawagi a kanta, ta yar da taɓarya ta ruga ɗaki. Kafin in sauko da shi, wani dattijo da samari biyu suna jirana a gindin dutse.

"Ɗana, wa ya ba ka izinin leƙa mini gida?"

Na durƙusa na ce, "Baba, wallahi ba nufina ba ne."

Ya ce, "Katangar nan da ka gani, don me muka gina ta?"

Ban sami amsa ba. Muka je gaban mai unguwa, na goge hotunan duka a idonsu, na nemi gafara, suka yafe. Amma tambayarsa ba ta bar ni ba har yau. Gidajenmu a buɗe suke ta sama. Nan ake girki, nan ake wanki, nan mata ke sakewa, kuma makewayi da yawa ba su da rufi. Baƙo ba ya wuce zaure sai ya yi sallama an amsa masa. Dron ba ya sallama. Ko ba ka danna ɗauka ba, matar da ke ƙasa ba ta da hanyar sanin haka, abin da ta sani shi ne an keta mata sutura. Tun ranar ban sake bin saman gidaje ba, ko na ƴan uwana.

Sai batun tsaro, wanda ya fi wancan haɗari ga ranka. Garin nan akwai barikin soja, akwai filin jirgin sama, akwai gidan kaso da ofisoshin gwamnati. Masu ɗauke da makamai a yankin Sahel da tafkin Chadi suna amfani da irin waɗannan jirage na kasuwa wajen leƙen asiri, don haka jami'in da ya hango abu a sama ba zai ɗauke shi abin wasa ba, kuma yana da gaskiya. Ka je komisariya ko wurin jandarmomi da katinka na ɗan ƙasa, ka faɗi inda kake son tashi da ranar da dalili. In an ce a'a, ka mayar da shi jaka. Kusa da filin jirgi kuwa, kada ma ka tambaya.

Mu a nan ba mu da manyan lambunan shaƙatawa, filin ƙwallo da fegin bayan gari su ne wuraren wasanmu. Ka zaɓi sassafe, lokacin da ba kowa. Amma ka sani, da ƙarar ta tashi yara za su fito daga ko'ina. Farfelarsa tana yanka fata. Ni na taɓa saukar da shi yaro ya kai hannu zai cafke, Allah ne ya kiyaye yatsunsa. Yanzu ba na fita sai da aboki mai tsare mini yara nesa da wurin sauka. Ranar hawan Sallah ma ka haƙura, duk da na san babu ranar da ta fi ta kyan hoto: doki yana firgita da wannan ƙara, ga jama'a cunkushe.

Kada ka wuce mita 120 sama, kada kuma ya ɓace wa idonka. Da hunturu iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi sosai. Ni na bi iska na tafi nesa cikin sauƙi, wajen dawowa batir ya kusa ƙarewa yana kokawa da ita, sai a cikin wata gona ya sauka. Ka fara tafiya kana fuskantar iska, ita za ta turo maka shi gida. Ka jira ya kama taurarin ɗan'adam ya riƙe wurin tashinsa kafin ka ɗaga, don ya iya dawowa wurin da kansa, ka kuma saita tsayin dawowarsa sama da itatuwan bedi da eriyoyin waya.

Batir ba ya son zafinmu. A Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, kuma nan ne iyakar da kamfanin ya sa wa ƙananan jiragen. Na bar guda a ƙarƙashin kujerar babur da rana tsaka, ya kumbura. Wanda ya kumbura kada ka sake sa masa caji, yana iya kama wuta. Ka tashi daga kan tabarma ko kwali don rairayi kada ya shige injin. In shirwa ta fara zagaya shi, ka janye shi daga wurinta ka sauke, ka jira ta wuce.