Ƙwayoyin Bakteriya da Matsalar Adana Wutar Rana

Babbar matsalar wutar lantarkin da ake samu daga hasken rana da iska ita ce ba ta jiran lokacin buƙata. Da tsakar rana takan yi yawa har a rasa inda za a kai ta, da dare kuwa ko idan iska ta kwanta sai a neme ta a rasa. A ganina, cikin hanyoyin adana wannan rara, ta ƙwayoyin bakteriya ba ta samu kulawar da ta dace da ita ba.

A shekarar 1987 wani masanin kimiyya mai suna Derek Lovley ya gano wata ƙwayar bakteriya da ake kira Geobacter a cikin lakar Kogin Potomac na Amurka. Wannan ƙwaya tana rayuwa inda babu iskar oksijin, tana sauke ilektoron ɗin da ta samo daga abincinta, wato ƙananan ƙwayoyin da gudunsu ke zama wutar lantarki, a kan tsatsar ƙarfe. Idan aka ba ta sandar gawayi a madadin tsatsar, sai ta lulluɓe sandar da wata siririyar yana mai jan launi, wuta ta fara bin waya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ana iya juya wannan aiki. A 2010 aka nuna cewa wata ƙwayar bakteriya mai suna Sporomusa ovata tana karɓar wuta daga sanda, ta haɗa ta da iskar kabon-dayoksaid, ta samar da sinadarin asitet, wanda wasu ƙwayoyin ke ci a matsayin abinci. Masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun haɗa ɓangarorin biyu a 2016, suka yi batirin da ake cajawa ta hanyar tara asitet, daga baya wasu ƙwayoyin su cinye shi su mayar da wutar. Abin da ya dawo bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba, alhali batirin litiyam yakan mayar da fiye da kashi 80.

Saboda haka ba na ganin amfanin sa waɗannan ƙwayoyi gasa da litiyam wajen ajiyar 'yan sa'o'i. Fagensu shi ne ajiyar watanni. Kamfanin Electrochaea ya gwada haka kusa da Kofinhegan a Denmak, inda ƙwayoyin akiya, waɗanda jinsinsu ya bambanta da na bakteriya, suka haɗa kabon-dayoksaid da iskar haidurojin da aka samar da wutar lantarki, suka mayar da su iskar metan, wadda bututu da rumbunan gas da ake da su za su iya riƙewa tsawon lokaci.

Cikas ɗin da ya rage yana kan sandar kanta, domin yanar ƙwayoyin siririya ce ƙwarai, wutar da take iya karɓa kaɗan ce, kuma faɗaɗa sandunan yana cin kuɗi. Nan ya kamata a fi zuba kuɗin bincike.