Abin da 'yar yayata ta nuna mini a bakin teku

Jiya da yamma na sauka Jamestown, bakin tekun Accra, sayen kifi da 'yar yayata mai karatun ilimin teku a Jami'ar Ghana da ke Legon. Ta kamfato ruwa a tafin hannu ta ce, "Kawu, akwai tsirrai birjik a nan, ido ne ba ya ganinsu." Na ce yarinya, boko ya fara taɓa ki.

Ashe gaskiyarta. Fitofilankton ake kiransu, kowace ƙwaya lulluɓe da fatar maiƙo, wadda a da aka ɗauka sai da sinadarin fosfaras take ginuwa. A Tekun Sargaso, wani yanki na Tekun Atlantika, inda fosfaras ke wuya, masana sun gano a 2009 cewa ƙwayoyin nan canza dabara suke yi. Wasu su gina fatar da maiƙo mai farar wuta, wasu da mai naitirojin, ɗan fosfaras ɗin da ya rage a ajiye wa ƙwayar gado, tunda can ba shi da madadi. Wallahi sai na tuna Inna a Nima, ranar da babu nama, daddawa ke riƙe miya.

Namu tekun kuwa, daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa da abincin tsirran nan, shi ya sa kifi ke araha lokacin. Jiya dai da tsada na saya.