Yadda Septrin ya kai ni har Khartoum

A ajin ƙarshe aka raba mana aikin semina, ni aka ce in kawo tarihin ɗakunan binciken kamfanin da ya fito da Septrin, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta. Na ce banza ta faɗi, kwana biyu na gama. Sati uku na yi wlh.

Kuskurena na farko shi ne bin sunan yanzu. Ina ta neman GSK, wato GlaxoSmithKline, a waya, data na ƙonewa, ashe sunan nan sai 2000 aka same shi, kafin nan Glaxo Wellcome ne tun haɗewar kamfanonin Glaxo da Wellcome a 1995, kafin nan kuma Burroughs Wellcome, kamfanin da wasu Amurkawa biyu, Silas Burroughs da Henry Wellcome, suka buɗe a Landan a 1880. Sai da na zana sunayen a takarda kamar mai jera kakanni sannan kaina ya warware.

Na biyu, na ɗauka lab ɗaya ne. Ina! Akwai wanda aka fara a 1894 daga baya ya koma Beckenham a gefen Landan, akwai na Tuckahoe a jihar New York inda George Hitchings da Gertrude Elion suka yi aiki, su ne suka samu Nobel a 1988, kuma a wajensu trimethoprim ya fito, wato ɗaya daga cikin sinadarai biyun da ke cikin Septrin, ɗayan ma ba nasu ba ne. Ni kuwa har na rubuta a daftarin farko wai a Ingila aka gano shi, da biro ja malam ya kewaye wurin ya ce "a ina ka gani?", ban da amsa.

Inda na fi ɓata lokaci, kuma ban yi nadama ba, shi ne Sudan. Wellcome ya kafa ɗakin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a Kwalejin Gordon ta Khartoum, Andrew Balfour ne shugaba, har da lab a cikin jirgin ruwa yana bin kogin Nilu ana ɗaukar jinin masu zazzaɓi ana dubawa. Shafi huɗu na cika a kai, malam ya ce in mayar da shi ɗaya tunda Septrin aka tambaye ni. Na rage, amma sauran ukun suna nan a flash ɗina.