Zaren da Rana ta Cinye da Tarwaɗar da Na Rasa a Daberam

Har yau idan na bi ta hanyar dam ɗin Daberam sai in ji wannan ƙarar ta dawo mini a kunne, 'yar ƙaramar ƙara ce, tas, wadda daga ita sandar fatsar da ta lanƙwashe a hannuna ta miƙe, ruwa kuma ya kwanta kamar ba abin da ya motsa shi. A kakar bara abin ya faru, cikin watan Oktoba, lokacin da dam ya cika ya batse kuma ruwan bai gama tacewa daga jan ƙasar damina ba.

Tun ina yaro a Daura nake jefa fatsa da sandar gora, da guntun tsohon silifas da ke nuna mini kifi ya taɓa, da tanar da muke tonowa a bakin rijiya, kuma da waɗannan na kama karfasa da kurungu ba adadi. Shekara biyu da suka wuce yayana da ke aiki a Legas ya zo mini da tsarabar sanda ta zamani mai tsawon mita 2.4, da injin naɗe zare, da akwatin kifayen roba da cokula masu ƙyalli, da ƙullin farin zaren roba wanda aka rubuta a jikinsa cewa kaurinsa milimita 0.35 ne kuma yana ɗaukar kilo 8. Na riƙa lallaɓa sandar kamar ƙwai, ina goge ta, ina ɗiga wa injin mai, amma ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa zare ma yana tsufa ba. Bazara guda cur kayan suna kwance a bayan motata, daidai ƙarƙashin gilashin baya, a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Ranar da nake magana na isa bakin ruwa bayan la'asar, na sa hanjin kazar da ya kwana a ƙugiya mai lamba 3/0, na zura dalma a sama da ita, na jefa kusa da wasu kututturan da ruwa ya shanye. Gab da magariba zare ya fara tafiya a hankali, irin tafiyar da duk wanda ya saba da tarwaɗa ya sani. Na ɗaga sanda, nan take na ji nauyin da ban taɓa ji a hannuna ba. Injin ya fara ƙara yana sakin zare, ni kuwa a tunanina wannan ƙarar alama ce ta cewa kifin yana ƙwace mini, saboda haka na kai hannu na murɗa birkin injin har ƙarshe. Na ja tarwaɗar da ƙarfi har ta taso, na ga kanta baƙi ƙirin mai faɗin tafin hannu biyu, na ga gashin bakinta yana shara ruwa. Ta juya sau ɗaya ta nufi ƙasa, zaren ya tsinke.

Wani dattijo masunci da ke gyaran kallinsa, wato ragar kamun kifi, a kan kwale-kwale ya ga duk abin da ya faru. Ya bari sai da na zauna, sannan ya ce, "Ɗana, miƙo mini zaren nan in gani." Ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya naɗe shi a hannu biyu ya fizga, sai ga shi ya rabu ba tare da wata wahala ba. Na ce, "Baba, ai bai fi sau goma na shiga ruwa da shi ba." Ya ce, "Ba ruwa ne ya ci shi ba, rana ce. Dubi yadda ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari." Da na duba da kyau sai na ga gaskiyarsa, domin ƙyallin zaren ya tafi, ya yi kaushi a hannu, kuma idan aka sake shi sai ya murɗe zobe-zobe maimakon ya kwanta a miƙe. Duk waɗannan alamu suna gabana tun kafin in jefa, ban dai san abin da suke nufi ba.

Zaren roba na nailan ba ya jure hasken rana na dogon lokaci, domin hasken yana lalata shi a hankali har ya rasa ƙarfinsa da talewarsa, alhali a ido yana nan da kaurinsa. Washegari na gwada ragowar a gida, saboda zuciyata ta ƙi yarda. Na ɗaura shi a hannun bokiti na rataya a reshen darbejiya, na riƙa zuba ruwa lita-lita, tunda litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Ban gama zuba ta huɗu ba bokitin ya faɗi. Zaren da aka rubuta masa kilo 8 ke nan, kuma da shi na tsaya ina ja-in-ja da kifin da ya fi kowane kifi da na taɓa gani a wannan dam. Gwajin bai ɗauke ni minti goma ba, kuma da na yi shi kwana ɗaya kafin tafiyar, da labarin da nake bayarwa yanzu ya sha bamban.

Duk da haka, ina ganin ko wannan ruɓaɓɓen zaren zai iya kawo ta bakin gaɓa da ban taɓa birkin ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. An yi birkin ne domin ya saki zare idan ja ya yi yawa, kifi ya yi ta gudu yana gajiyar da kansa, ƙarar da ta tsorata ni kuwa ita ce shaidar cewa injin yana aikinsa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce a saita shi ya fara saki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, wato ga zaren kilo 8, wajen kilo 2 zuwa 2 da rabi. Yanzu da bokitin nan nake saitawa tun daga gida, in zuba lita biyu in ɗaga, in sassauta har zare ya fara zamewa, kuma a bakin ruwa ba na sake kai hannu wurin sai dai in ƙara sassautawa idan kifi ya matso kusa, domin a nan ne yake yunƙurinsa na ƙarshe kuma zaren da ya rage tsakaninmu gajere ne, ba shi da sauran talewa.

Ƙulli ma wuri ne da zare ke raguwa da ƙarfi, saboda haka nakan jiƙa shi da miyau kafin in ja shi ya ɗaure, don kada gogayya ta ƙona shi. Idan kifi ya tafi da ƙugiya, bakin zaren yana faɗin abin da ya faru: in ya dawo a murɗe kamar wutsiya, ƙullin ne ya kwance, in kuwa ya dawo a miƙe, tsinkewa ya yi. Nawa a miƙe ya dawo. Bayan kowace fita nakan yanke mita ɗaya ko biyu na gaba in zubar a gida, musamman idan na yi jifa kusa da duwatsu ko kututture.

Kifayen roba da cokulan da na fi ɗokinsu a cikin tsarabar kuwa ba su taɓa kama mini komai a Daberam ko a dam ɗin Sabke ba. An yi su ne domin kifaye masu farauta da ido, irin su giwan ruwa da tsage da ake samu a manyan ruwaye kamar tafkin Kainji. Tarwaɗa da sansana da gashin baki take neman abinci a cikin ruwa mai duhu, karfasa kuma bakinta ƙarami ne, ƙugiya mai lamba 8 ko 10 da guntun tana sun ishe ta. Wanda zai sayi kaya don ruwanmu, gara ya rage kuɗin kifin roba ya ƙara a kan zare mai kyau, ya kuma tambayi mai shago tun yaushe ƙullin yake rataye a ƙofa, domin na ga shaguna da yawa da suke baje zare a rana tun safe har yamma.

Na koma wurin kututturan nan sau shida tun daga lokacin, da sabon zare mai milimita 0.40 wanda nake ajiyewa a cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, na kuma rubuta watan da na saye shi a murfin. A zuwa na huɗu wata tarwaɗa matsakaiciya ta ɗauka, injin ya yi ƙararsa, na danne zuciyata na bar shi, kuma bayan 'yan mintoci ta kwanta a gefenta na jawo ta. Na yi murna, amma kanta bai kai rabin na waccan ba. Dattijon ya ce mini idan babbar ta shiga kallin wani zai gane ta da ƙugiyata a baki da guntun zarena yana binta, kuma zai aiko a faɗa mini. Har yanzu ba wanda ya aiko.