Daga Ƙofar Ran Zuwa Soron Kafin Madaki

Makon jiya na dawo daga Bauchi, kuma duk wanda ya zo yi mini barka da dawowa ba ya jin komai a bakina sai zancen gine-ginenta. Hanyar Zariya zuwa can ba ta da abin faɗa sai gajiya.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda mutanen garin suke kwatance da ƙofofi. Mai keke zai tambaye ka, "Alhaji, Wunti ko Ƙofar Ran?", alhali ganuwar da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kewaye birnin da ita bayan ya kafa shi a 1809, akasarinta ta zaizaye, gidaje da shaguna sun hau kanta. Duk da haka yaron da bai taɓa ganinta a tsaye ba ya san ko shi ɗan cikin gari ne ko na waje, domin sunayen Ƙofar Wambai da Jahun da Nasarawa da Dumi sun riƙe masa iyakar. Mu ma haka muke da Ƙofar Doka da Kuyambana, sai dai masu keken Bauchi sun fi namu sauƙin ciniki, masarsu kuwa, ga laushi ga araha, ba mu kama ƙafarta ba.

Inda tafiyar ta biya ni shi ne Kafin Madaki, a kan hanyar Ningi. Can ne gidan Madaki yake, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina wajen 1860, mutumin nan da ya gina mana Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Wani dattijo da na gaisar a bakin hanya ya bar abin da yake yi ya raka ni, da muka shiga soron ya ce, "Malam, ɗaga kanka." Sai ga bakan gizo sun taso daga bango sun haɗu a tsakiyar rufi, an jera azara a tsakaninsu kamar saƙar tabarma, ga sanyi a ciki alhali rana tana dukan waje. Nan take na gane hannun, domin a ƙarƙashin irinsa na yi sallah tun ina yaro. A 1956 aka sanya gidan cikin kayan tarihin ƙasa, amma takarda ba ta hana damina cin laka, kuma maginan da suka iya yaɓe da makuba kullum raguwa suke yi. Wannan ya dame ni ƙwarai. Dattijon ya sa aka kawo mini fura, da na ciro ɗan abin goro kuwa sai ya ɓata rai, ya ce baƙo ba ya biyan kuɗin ganin gidan iyayensu.

Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, gini ne na zamani: mutum yana bin wani lungu mai duhu har ya fito sarari, inda kabarin yake ba rufi, ba ado. Na yi masa addu'a na fito.

Gombe kwana kawai na yi. Titunanta masu faɗi ne, saboda sai a 1919 aka maido da fadar masarautar nan. Tsohon garin Buba Yero, wanda ya kafa masarautar, yana Gombe Abba, kuma lokaci bai bar ni na kai can ba.