Daren da aka yi wa manyan mutane wanka da yauƙi

Autata ce ta ƙwace rimot ranar, wai za a maimaita bikin Kids' Choice Awards a tashar Nickelodeon. Na zauna da ita ina tsinke zogale, ba da niyyar kallo ba.

Can sai na ga wani jarumi ya hau dandali cikin kwat mai tsada, kafin ya gama godiya aka kwararo masa wani koren ruwa mai yauƙi tun daga ka har takalmi. Wallahi kamar an juye masa tukunyar miyar karkashi. Na ce, "Subhanallahi, me ya yi musu?" Yarinyar nan ta faɗi ƙasa don dariya. "Umma, ai karrama shi aka yi!"

Ashe tun 1988 ake wannan biki a Amurka, kuma yara ne ke jefa ƙuri'a, babu wasu dattawan alƙalai. Wannan kam ya burge ni. Kyautar ma ba kofin zinariya ba ce, wani ɗan jirgin balan-balan ne ruwan lemu, irin abin da yaro zai so ya ajiye a ɗakinsa.

Ta kuma tuna min cewa Emmanuella, yarinyar barkwancin nan ta Mark Angel daga Fatakwal, ta ci kyautar ɓangaren Afirka a 2021.

Yanzu ga autar tawa can a kicin tana tambayata inda na ajiye garin kuɓewa. Na ɓoye shi saman kabad.